Bawul Ɗin Da Ya Hana Unguwa Sahur

A cikin aljihun teburin da na ke aiki a kai, can ƙasa, akwai wata kwalba mai ƙugu da kafaɗa kamar ɗan gora, na naɗe ta da tsohon tsumma. Kusan shekara hamsin ke nan tana bina duk inda na ƙaura da shago. Yaran da ke koyon aiki a wurina su kan ɗauka matacciya ce na ajiye don tarihi. In na ce musu lafiyarta lau, ko yau aka sa ta a wuta za ta kama, sai su yi ta mamaki, su ce to me ya hana a sayar? Na kan ce su bar ta, ai ita ta karantar da ni. A jikinta an rubuta 5U4G. Labarinta na ke so in ba mai karatu, domin na ga sana'ar nan da muka ɗauka ta mutu ta fara motsi a hannun samari, ramin da na faɗa ina yaro kuwa har yanzu yana nan a buɗe.

Bari in fara da ɗan bayani saboda waɗanda suka taso suka tarar da rediyon aljihu da wayar hannu. A da, in ka buɗe bayan rediyo ko amfilifayar da ke tura murya cikin lasifika, za ka ga kwalabe jere suna ci da ɗan jan haske kamar garwashi. Su mu ke kira bawul. Waɗansu aikinsu ƙara ƙarfin murya, amma akwai ɗaya da ke zaune kusa da babbar taransifoma, shi murya ba ta bi ta cikinsa, abinci ya ke dafa wa sauran. Shi ne rektifaya. Wutar da ke zuwa gidajenmu mai kai-da-komo ce, ta je ta dawo sau 50 cikin daƙiƙa ɗaya, amfilifaya kuwa ba ta aiki sai da wuta mai bin hanya ɗaya irin ta batir, mai ƙarfin bolt 300 ko 400, wani lokaci fiye. Taransifoma ke ɗaga ƙarfin, amma ba ta iya hana kai-da-komon. Sai a kawo wannan bawul. An zuƙe iskar da ke cikinsa, an sa masa lagwani na ƙarfe da farantai biyu. In lagwanin ya yi zafi sai ƙwayoyin lantarki su tashi daga gare shi su ƙetara zuwa faranti, ba su kuwa da hanyar dawowa. Farantan nan biyu suna karɓa bi da bi, sa'an nan a zuba abin da suka samo cikin kwandansa, ita kuma ta tara kamar randa, ta riƙa ba sauran injin a natse. Wani Baturen Ingila, John Ambrose Fleming, shi ya ƙago irin wannan bawul a shekarar 1904, tun yana neman abin da zai kama saƙon rediyo.

To, ni dai a Sabo ta Ibadan na koyi aiki, cikin shekarun 1970. Mahaifina ya kai ni wurin wani amininsa mai gyaran rediyo, dattijo mai ƙarancin magana, wanda ya koyi aikin tun zamanin Turawa. Lokacin nan tiransista ta riga ta fara cinye kasuwa, amma masallatai da makaɗa da masu tallar magani a mota ba su rabu da amfilifayar bawul ba, saboda tana da murya, kuma in ta lalace a kan gyara ta. Na yi kamar shekara biyu ina share shago, ina hura gawayin ƙarfen dalma in an ɗauke wuta, ina miƙo sukudireba. Daga baya Maigida ya fara barina in canza fis, in liƙa waya, in gwada bawul. Yaro kuwa in ya iya abu uku sai ya ga kamar ya gama sanin duniya.

Ran nan, azumi ya kai kamar goma, aka yi wa Maigida rasuwa a gida, ya tafi Arewa gaisuwa, ya bar mini shago. Da zai tafi ya ce, “Abin da ka sani ka yi, abin da ba ka sani ba ka ajiye har in dawo.” Na ce, “To, Baba.” Kwana biyu da tafiyarsa sai ga ladanin wani masallaci a unguwarmu ya ɗauko amfilifayarsu a ka, yana gumi. Ya ce jiya ana cikin tafsiri ta yi walƙiya ta mutu, Liman ya ce a taimaka, domin da ita a ke kiran salla, da ita a ke tashin mutane sahur. Ƙirar Ingila ce, mai bawul EL34 guda biyu. Na buɗe, na ga fis ya ƙone. Na sa wani, na kunna, sai na ga tartsatsi shuɗi cikin rektifayan, fis ya sāke tafiya. Na gane ciwon, kuma har yau ina cewa na gane shi daidai. GZ34 ne ya mutu.

Na duba akwatin Maigida kaf, babu GZ34 ko ɗaya. Amma ga wannan 5U4G sabo dal cikin kwalinsa. Na duba gindinsa, na ga irin ramin nan mai ido takwas ya ke shiga. Na gwada, ya zauna daram kamar don wurin aka yi shi. Na kunna ina riƙe da numfashi, lagwaninsa ya yi ja, na hura makirfo, sai ga muryata ta cika shago. Ladan ya yi ta sa mini albarka, ya ce ai na gaji Maigida. Na karɓi kuɗin aiki na sa a gwangwani, na kwana ina jin kaina.

Daren farko lafiya, sai dai ladan ya ce muryar ta ɗan rage, ya ƙara murɗa maɓalli. Dare na biyu haka. A dare na uku, bayan an yi tafsiri mai tsawo an zarce da asham, amfilifayar tana kulle cikin akwatin katako saboda ɓarayi, ga zafi, sai aka ji warin ƙuna, hayaƙi ya turnuƙe ta ramukan akwatin. Allah ya taimaka wani ya yi maza ya zare waya kafin tabarmi su kama. Da asuba ladan ya hau ya yi ta kira da bakinsa, amma tsoho ne, muryarsa ba ta wuce gida biyar ba. Mutanen da suka saba sai sun ji lasifika su farka, da yawa ba su tashi ba sai da gari ya waye. Aka ɗauki azumi ba sahur, cikinsu har da tsofaffi da masu dako a kasuwa. Kafin hantsi duk Sabo ta san shagon da aka kai gyara.

Kashegari Maigida ya dawo. Ya tarar da amfilifayar a bakin ƙofa, ni kuma ina raɓe a lungu. Ya buɗe, ya sunsuna taransifomar, ya zare bawul ɗin ya karanta lambarsa, ya dube ni. Na yi zaton zan sha mari, amma ko ɗaga murya bai yi ba. Ya ce in ɗauko takalmansa mu tafi wurin Liman. Da muka isa muka durƙusa, ya ce, “Allah gafarta Malam, ɓarnar nan daga shagona ta fito, ni zan gyara, ba kuwa za a biya ko kwabo ba.” Liman ya ce, “Na ji an ce yaro ne ya yi aikin.” Maigida ya ce, “Ni na bar masa shagon.” Bai ƙara ko kalma a kai ba. Ya ara wa masallacin tasa amfilifayar ta gwaji, ya dawo ya kwance taransifomar nan, ya warware wayar da ta ƙone yana ƙirga zagaye yana rubutawa, ya sayo sabuwar wayar jan ƙarfe da kuɗinsa, ya naɗa da hannu. Dare uku ya yi yana wannan aiki bayan shan ruwa, ni ina riƙe masa fitila. Da ya mare ni da na fi samun sauƙi.

Ran da ya gama, ya jawo wani ɗan littafin lambobin bawul na kamfanin Mullard wanda duk ya sha maiƙo, ya buɗe, ya ce in karanta abin da lagwanin GZ34 ke ci. Na karanta: bolt 5, amfiya 1.9. Ya nuna mini na 5U4G. Na karanta: bolt 5, amfiya 3. Ya ce, “Wanda ya naɗa taransifomar nan ya auna wayarta don ta ciyar da mai cin mudu biyu, kai ka kawo mata mai cin mudu uku, ka kulle su a ɗaki ba taga. Wa ya yi laifi, baƙon ko wanda ya kawo shi?” Ya miƙo mini bawul ɗin ya ce in ajiye, na biya shi da kunyar da na sha. Daga ran nan ya kafa mini doka: kada in sa rektifaya a rami sai na amsa tambaya huɗu. Su ne zan jera a nan, don su ne dukan ilmin da na ke da shi a kan wannan al'amari.

Tambaya ta farko ita ce wadda ta kā da ni: me lagwaninsa ke ci? Sunan bawul kansa ya kan ba da rabin amsa. A tsarin Amurka lambar farko ita ce bolt ɗin lagwani, wato 5Y3 da 5U4 da 5AR4 duk masu bolt 5 ne, 6X4 kuwa mai 6.3. A tsarin Turai harafin G na nufin bolt 5, E na nufin 6.3, Z kuma rektifaya mai faranti biyu. GZ34 da 5AR4 abu ɗaya ne, sunan ne biyu. Amma amfiya ba ta cikin suna, sai an duba littafi. 5Y3 na cin amfiya 2, GZ34 na cin 1.9, 5U4 na cin 3. A cikin ƙananan, EZ80 na cin 0.6, EZ81 na cin amfiya 1, alhali raminsu ɗaya. Saboda haka 5U4 ba ya shiga gurbin 5Y3 ko na GZ34 sai an tabbata taransifomar za ta ɗauka. Wata ta kan jure, don an yi ta da rara, wata kuwa ba ta jurewa, daga waje kuma ba a ganewa. A ƙasarmu rarar nan ta fi ƙaranci, ga zafin gari, ga wutar da ke hawa da sauka, ga janareto. In ma amfilifayar ta Amurka ce, an yi ta don wuta mai bolt 117 ko 120 da kai-da-komo 60, ko an sa mata ƙaramar taransifomar rage wuta, kai-da-komo 50 na nan zai sa ta fi ɗumi. Irin wannan ba a ƙara mata kaya.

Ta biyu: nawa zai iya bayarwa? Kowane rektifaya yana da iyakar abin da zai iya ɗauka. 6X4 ya tsaya a mili-amfiya 70, EZ80 a 90, 5Y3 a 125, EZ81 a 150, tsohon 5U4G a 225, GZ34 a 250, 5U4GB a 275. Sai mutum ya tara abin da manyan bawul ɗin murya ke ja sa'ad da aka buɗe su sosai, ya haɗa da na ƙananan, ya bar sarari a sama. Amfilifaya mai 6V6 biyu 5Y3 ya ishe ta. Mai EL84 biyu ta kan zauna lafiya da EZ81. Mai EL34 biyu ko 6L6 biyu kuwa sai GZ34 ko 5U4. In aka ɗora wa ƙarami kayan babba, farantansa su kan yi ja, ya yi ta aiki yana mutuwa a hankali, ran da zai ƙarasa kuma ba shi kaɗai ya kan tafi ba.

Ta uku: nawa ya ke ci a hanya? Babu rektifayan da ke miƙa wuta cif yadda ya karɓa, kowanne yana da ladan dakonsa. GZ34 ya fi kowa sauƙi, ƙasa da bolt 20 ya kan riƙe ko da kaya sun yi nauyi. 5U4 ya kan riƙe tsakanin 40 da 50, 5Y3 kuwa wajen 60 in an cika masa kaya. Wannan ne dalilin da ladan ya ji murya ta rage, har ya ƙara murɗa maɓalli. Wanda kuma ya yi akasin abin da na yi, ya cire 5Y3 ya sa GZ34, taransifomarsa ba za ta koka da lagwani ba, amma wutar da ke cikin injin za ta tashi da bolt masu yawa. Kwandansar da aka rubuta wa iyaka za ta iya wuce iyakarta, manyan bawul su yi zafi fiye da kima. Duk wanda ya canza irin rektifaya, wajibi ne ya sa mita ya auna wutar, ya kuma sāke daidaita abin da manyan bawul ke ja a zaune.

Ta huɗu: wace kwandansa ce ke bakin ƙofarsa? Kwandansar farko, sa'ad da ta ke fanko, ta kan zuƙi wuta da ƙarfi kamar busasshiyar ƙasa, kuma ko tana aiki, a kowane zagaye ta kan fizga a taƙaice. In ta yi girma, fizgar ta kan fi ƙarfin bawul, sai ka ga tartsatsi a ciki. An yarda wa GZ34 har maikurofarad 60, EZ81 har 50, 5U4GB wajen 40, 5Y3 kuwa gara a tsaya wajen 20. Masu gyara da yawa, in sun ji amfilifaya na gurnani, sai su cire kwandansar farko su sa ƙatuwa, gurnani ya tafi, bayan wata biyu rektifaya ya bi shi. In ana son ƙarin tacewa, sai a sa babbar a baya, bayan an gitta cok ko rizisto a tsakani.

Bayan waɗannan huɗu, shekaru sun ƙara mini ta biyar, wato saurin kamawa. 5Y3 da 5U4 lagwaninsu tsirara ya ke, cikin daƙiƙa biyu ko uku sun saki wuta, tun sauran bawul ba su farka ba. GZ34 da EZ81 kuwa lagwaninsu na cikin kube, sai ya ɗumama kuben tukuna, saboda haka wutarsu ta kan taso sannu a hankali cikin daƙiƙa goma ko fiye. Masana na gardama a kan ko saurin nan na cutar da manyan bawul, amma babu gardama a kan cewa tsohuwar kwandansa ta fi son a tashe ta a hankali. Har wa yau, masu lagwani tsirara an fi so a ajiye su a tsaye, domin in an kwantar da su ba bisa ƙa'ida ba lagwanin zai iya lanƙwasa ya taɓa faranti.

A cikin shekarun 1980 bawul ya yi wuya. Masana'antar Mullard da ke Blackburn a Ingila, wadda GZ34 ɗinta ya yi suna a duniya, ta daina yi a farkon shekarun nan, kuɗin waje kuma ya yi tsada a ƙasarmu. Sai muka koma ga dayod na silikon, ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa, irin 1N4007, mai ɗaukar amfiya 1 da bolt 1,000. Ba ya son lagwani, ba ya zafi, ba ya tsufa, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Amma na ga waɗanda suka liƙa shi kai tsaye suka yi nadama. Shi wajen bolt 1 kaɗai ya ke ci a hanya, kuma nan take ya ke sakin wuta. In taransifoma na ba da bolt 350 a kowane gefe, kafin bawul su ɗumama wutar da ke kan kwandansa za ta kai kusan 495, alhali da yawa 450 aka rubuta musu. Na taɓa ganin wadda ta fashe ta watsa takarda har rufin shago. Kuma kowane dayod a irin wannan haɗi ya kan fuskanci ninkin wancan ta baya, wato kusan 990, dab da iyakarsa, shi ya sa mu kan jera biyu a kowane gefe. In za a yi, sai a sa rizisto mai ƙarfi ya maye ladan dakon da bawul ke ci, a canza kwandansa, a auna kome. Ni ban ƙi dayod ba. Amfilifayar masallaci ko ta makaranta, in an yi mata shi da hankali, ta kan huta ta hutar da masu ita.

Na ɗauka zance ya ƙare ke nan, sai ga shi a 'yan shekarun nan ɗan ƙanwata da ke Ikko, mai kaɗa jita, ya zo mini da zanen amfilifaya a cikin wayarsa, irin ƙaramar Fender Deluxe ta shekarun 1950, mai 6V6 biyu da 5Y3. Ya ce, “Kawu, so na ke in haɗa da hannuna. Amma an ce mini GZ34 ya fi kowanne, in sa shi?” Na ce, “Ya fi a ina?” Ya yi shiru. Na ce masa abin da makaɗa ke so a wannan amfilifaya, ai raunin 5Y3 ne ke kawo shi. In ka bugi tsirkiya da ƙarfi, manyan bawul su ja wuta da yawa, shi kuma ya ƙara cin nasa, wutar ta ɗan durƙusa sa'an nan ta miƙe, sai sautin ya fito da taushi yana ja. Mai jita wannan ya ke biɗa. Mai kiran salla da mai sauraren faifai kuwa so su ke wuta ta tsaya ƙyam, shi ya sa aka sa GZ34 cikin Dynaco ST-70 ta 1959. Akwai ma amfilifayar jita da aka gina a kansa tun asali, kamar Vox AC30 da Marshall JTM45. Kowanne da gidansa. Na kuma gaya masa, a ƙaramar amfilifaya mai babban bawul ɗaya, irin Fender Champ, abin da a ke ja kusan daidai ya ke ko an buga ko ba a buga ba, saboda haka durƙuson nan kaɗan ne, kada wani ya cuce shi da zance.

Ya ce to wane kamfani zai saya, don ya ga ana sayar da tsohon Mullard da kuɗin da zai sayi tunkiya. Na ce masa tsofaffin nan sun yi suna ne don suna daɗewa, wannan gaskiya ne, amma duk abin da ya yi suna ya kan yi jabu. Na Blackburn na ainihi a kan ga ƙananan lambobi da aka ƙarce a jikin gilashi kusa da gindi, da harafin B, ba fentin sama kaɗai ba. Sunan Mullard ma yanzu ana buga shi a kan sabbin da a ke yi a Saratov ta Rasha. Yau sabbin bawul daga Rasha da Sulobakiya da Sin su ke fitowa galibi, kuma da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 sun yi wuya na ɗan lokaci, farashi ya tashi. Na gargaɗe shi da abu ɗaya: waɗansu sabbin da aka rubuta wa 5Y3 cikinsu ba irin na da ba ne, masu kube ne, ba su cin bolt da yawa a hanya, saboda haka wutarsu ta fi tashi. Kada ya gaskata rubutu sai mita ta shaida. Batun cewa 5Y3 na wannan kamfani ya fi na wancan zaƙin murya kuwa, ni kunnena bai taɓa ji ba in dai mita ta nuna lamba ɗaya. Lafiya na ke saye, ba suna ba.

Muka zauna kwana huɗu muna haɗawa. Na nuna masa yadda a ke duba tabon azurfa da ke cikin gilashi, wanda in ya koma fari kamar alli iska ta shiga, bawul ya mutu. Na nuna masa yadda a ke gitta ƙwan lantarki na da, mai wat 60 ko 100, a kan wayar wuta ran kunnawar farko: in akwai gajeriyar hanya a ciki ƙwan ya haska sosai ya tare ɓarna, in lafiya ya yi haske ya dushe. Na ce in fis ya ƙone kada ya kuskura ya sa wanda ya fi shi, balle waya ko takardar taba, domin fis mai gadin taransifoma ne. Abin da na fi nanata masa shi ne kwandansa ta kan riƙe wutar da za ta iya kashe mutum ko an zare waya daga bango. A sauke ta da rizisto, a auna da mita, in kuma dole ne a taɓa injin yana kunne, hannu ɗaya a aljihu. Da muka kunna, 5Y3 ya yi ja, mita ta nuna abin da zane ya ce, ya buga tsirkiya ɗaya ya dube ni yana murmushi.

Da zai tafi ya hangi kwalbar nan cikin tsumma, ya ce, “Kawu, wannan fa, ba ta fi tawa girma ba? In gwada?” Na ce ya ɗauko kujera ya zauna. Na ba shi labarin da na ba ku, tun daga ladan har zuwa dare ukun da na riƙe fitila. Maigida ya daɗe da rasuwa, an binne shi a can Ibadan inda ya yi rayuwarsa. Bai bar gida ba, bai bar mota ba, amma ban taɓa jin wanda ya ce ya kai masa kaya ya cuce shi ba. Har yau in na ɗauki bawul zan sa a rami, sai na ji kamar yana tsaye a bayana yana jiran in karanta lamba. Allah ya jiƙansa, ya sa aljanna ce makomarsa. Waɗanda suka yi azumi ba sahur saboda gaggawata, waɗanda ke raye da waɗanda suka riga mu, ina roƙon su yafe mini. Samarin da suka shigo wannan sana'a kuma, Allah ya ba su haƙurin duba littafi kafin su kunna wuta, amin.